Odessa Ta Fara Koya Mini Ɗaga Baba

Zuwa ga Yaya Verlene,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a wannan sanyin naku na Alaska. Mu nan kalau. Baba yana cin wakensa da burodin masara, ƙafafun dai har yau sun ƙi.

Kin san shirin da ke turo Odessa ta kula da Baba a gida, wanda doka ta yanka masa ranar ƙarewa, abin da suke kira faɗuwar rana. A watan Yuni ya kamata ya ƙare. To, takarda ta zo daga hukumar jin daɗin jama'a, wai majalisar jiha ta ɗaga ranar da shekara uku. A coci har tafi aka yi. Baba ya yi dariya, ya ce ashe 'yan majalisa sun fi likitansa kyautata masa zato.

Ni kam ban yi tafi ba, kin san halina. Na sa tabarau na bi takardar layi-layi. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ce za a ci gaba da shirin bisa sabon tsari. Na buga wa hukumar waya sau uku, kowa sai ya ce kada in damu, amma ba wanda ya gaya mini mene ne tsarin. Matar maƙwabcinmu ta ce haka aka rubuta musu kafin a kai surukarta gidan tsofaffi. Wannan ne tsorona, Yaya, domin Baba ya rantse gawarsa kaɗai za ta bar gidan nan.

Na tambayi Odessa, ta ce in daina neman magana, ita ba ta san komai ba. Amma shekara shida ba ta taɓa bari na taɓa Baba ba, kullum cewa take hannuna kamar na mai faskare. Jiya ta kira ni ɗaki, ta nuna mini inda zan sa kafaɗa in ɗaga shi daga gado. Sau huɗu ta sa na maimaita, ba ta ko kalli idona ba.

Na kasa ɗaga shi ni kaɗai, Yaya, kuma jikina yana ba ni sabon tsarin nan zai raba mu da Odessa a watan Yuni. Ki nemi hutu ki zo kafin Yuni.

Ki gaishe da maigidanki Yaya Curtis, da yaran, Renita da Dewayne.

Ƙanwarki,
Lurleen