Mai Jarida a Bangon Ofishinmu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Ranar nan kika ce mini a waya har yau ba ki gane aikin da nake yi ba, kin dai ji ana cewa babbar mai ba da shawara. Kika ƙara da cewa tun ina ƙarama nake ba da shawarar da ba a tambaye ni ba, ga shi gwamnati ta ɗauke ni aiki a kai. Na yafe miki. To bari in yi miki bayani, don akwai abin da ke cina a rai, kuma ba zai fahimtu ba sai kin san aikin.

Sashenmu shi ke kula da kwamfuta da bayanai a ma'aikatar. Muna hawa na sama, a wani dogon ɗaki da na'urar sanyinsa ke ɗiga a cikin bokiti. Ni ba na rubuta manhaja. Ina tsaye ne tsakanin manya masu sa hannu da masu rubutawar, in ce wannan ya kamata a yi, wancan a bari, ga kuma dalili. Yanzu muna haɗa manhajar waya wadda ’yan fansho za su riƙa kama ranar ganin likita da ita, ba sai sun yi sammakon bin layi ba.

Muna da wata hanyar aiki. Kafin a gina komai, sai mu ƙirƙiri mutum, a zana shi a babbar takarda, a rubuta shekarunsa da halinsa da abin da yake tsoro, a manna a bango. Duk abin da za a yanke sai a dube shi a ce, shi zai iya? Ƙa'idar ita ce a haɗo shi daga hirar mutane da yawa, kada ya zama wani takamaiman mutum. Ni nake koya wa sababbin ma'aikata wannan ƙa'ida.

To akwai murya da muka so mu saka a manhajar, mai karanta wa mutum komai da zarar ya buɗe, ba sai ya nema ba. Darakta ya ce a cire, tana ja mana lokaci, ai duk tsohon da ba ya gani yana da jikan da zai karanta masa. Yaya, a taro ya faɗi haka, a gabana. Da aka tashi cin abinci ban fita ba, na zauna na rubuta mutum guda. Tsohon malamin makaranta, mai jan biro a aljihun gaba, wanda ke sayen jarida kullum da safe ya zauna a ƙofar gida ya buɗe ta, alhali ya daina ganin harafi. Yana yi ne don unguwa ta ci gaba da ganin Malam yana karatu. Gara ya rasa ganin likita da ya miƙa wa wani takarda ya ce karanta mini.

Na san kin gane shi. Abin da ba ki sani ba, gaskiya ne. Tun bara idon Baba ya daina ɗaukar rubutu. Wata Asabar ya miƙo mini kwalbar magani ya ce in duba masa, ya manta tabarau, ga tabarau kuwa a fuskarsa. Na karɓa na karanta masa. Daga baya ya gaya mini komai, ya ce ni kaɗai ya gaya wa, in riƙe masa. Tun rasuwar Inna ni yake gaya wa irin waɗannan abubuwa, kin sani, har kina yi mini gorin ’yar gaban goshi.

Da aka dawo taro na karanta musu. Darakta ya cire tabaransa ya goge, ya ce a bar muryar. Mai zanenmu ta zana tsohon da jaridarsa, aka sa masa suna Mai Jarida, aka manna. Yanzu ko kofin shayi aka ajiye a inda bai dace ba, sai Dogo, babban mai rubuta manhajarmu, ya ce Mai Jarida zai yi tuntuɓe da wannan. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Suna sonsa, wallahi, ba raini ba ne. Amma kullum na ɗaga kai daga teburina sai in ga ubana a bango, kuma ni na kai shi.

Ina ta gaya wa kaina ban rubuta sunansa ba, kuma tsofaffi da yawa za su amfana. Ga shi yanzu ke ma na gaya miki. Don Allah kada ki nuna masa kin sani.

Ki gaishe da yara, ki ce wa babbar ta rage yawan waya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na ga wasiƙarki, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Kin ce in cire takardar nan daga bango tun wuri. Na karanta, na ce gobe, goben nan kuwa ba ta zo ba sai da abin ya faru.

Mun shirya ranar gwaji, wato a kawo tsofaffi na gaske su taɓa manhajar a gabanmu mu ga inda za su maƙale. Ofishin hulɗa da jama'a ne ya aika wa ƙungiyoyin ’yan fansho gayyata, ni ban bi ta kan waɗanda za su zo ba. Mutanen ofishin ne kuma suka ga zauren ƙasa ya yi fayau, suka hau sama suka kwaso takardun bangonmu suka jera don baƙi su ga yadda muke aiki. Na sauko da kwamfuta a hannu, sai ga Mai Jarida a tsakiyar zaure, an ma ƙara masa girma.

Ban kai ga takardar ba na ji ana kirana Auta. A ma'aikatar nan ba mai kirana haka. Baba ne, cikin farar rigarsa ta zuwa taro, da jan biro a aljihu, tare da abokansa na ƙungiyar tsofaffin malamai. Ya ɓoye mini zuwan ne don ya ba ni mamaki. Sai nuna ni yake yi wa mutane, yana cewa wannan ’yarsa ce, ita ke gaya wa Darakta abin da zai yi. Rabon da in ga fuskarsa haka tun Inna na da rai.

Na so in ja shi wajen kujeru, sai Darakta ya tare mu, ya kama hannunsa yana yabona. Ya nuna takardar ya ce ga abin da ’yarka ta rubuta, shi ya juya mana aikin gaba ɗaya. Baba ya tsaya a gabanta, ya ɗaga kai yana gyaɗawa kamar mai karatu. Sannan ya shafa aljihu ya ce wa Hedimasta, abokinsa na tun ƙuruciya, hasken zauren yana kashe masa ido, ya ɗaga murya ya karanta kowa ya ji.

Kin san muryar Hedimasta, wadda ta saba cika filin makaranta. Ya fara da fara'a. Da ya zo kan jan biro aka yi dariya, wani ya zunguri Baba ya ce ai wannan kai ne. Baba ma ya yi dariya. Da ya zo kan jaridar safe a ƙofar gida dariyar ta ƙaru. Daga nan muryarsa ta fara raguwa, amma ya riga ya shiga jimlar, bakinsa ya ƙarasa ta kafin hankalinsa ya tsayar da shi. Ya tsaya a daidai “ya daina ganin harafi”. Ya yi tari, ya ce sauran duk bayanin na'ura ne.

Abokansa suka kawar da kai. Waɗannan mutane ne da ke tsayawa a ƙofarsa da safe su tambaye shi me jarida ta ce yau, shi kuwa ya ba su labarin da ya ji a rediyo da asuba. Ina tsaye kusa da shi, Yaya, na ga hannunsa ya tafi aljihu ya rufe biron.

Bai tafi ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ya zauna aka ba shi waya, muryar ta karanta masa, ya bi ta tiryan-tiryan har ƙarshe ba tare da ya nemi kowa ba. Dogo, da bai san komai ba, ya zo yana murna yana cewa wannan baban ya fi kowa iyawa. Baba ya yi masa godiya. Na ce zan kai shi gida a mota, ya ce a'a, tare suka zo da abokansa, tare za su koma.

Da yamma na cire takardar da hannuna, na naɗe na saka a bayan mota. Washegari na shiga wajen Darakta na gaya masa na karya ƙa'idar da nake koyarwa, kuma mahaifina ne. Ya ce in rubuta a ajiye a fayil, muryar dai tana nan. Na so ya yi mini faɗa, ko na ji sanyi.

Ban iya zuwa gidan ba tukuna. Ki yi mini addu'a, kada kuma ki ce kin gaya mini, na sani.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ba ni da bakin magana ne.

Na je ranar Asabar. Tun daga kan kwana na ga kujerar Baba ba ta ƙofar gida. Mai kawo jarida ya tsayar da ni ya tambaya ko Malam ba shi da lafiya ne, don ya aiko a daina kawowa. Na ce lafiyarsa ƙalau, na wuce da sauri.

Na same shi a tsakar gida, rediyo a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi yara da Abbansu. Na fara ba da haƙuri, kuka ya ƙwace mini, na shiga kawo dalilai, da Darakta da murya da tsofaffin da ba su da jika a kusa. Ya bar ni na gama. Sannan ya tambaya ko takardar tana nan, na ce tana mota. Ya ce in ɗauko in karanta masa duka, har wurin da Hedimasta ya tsallake.

Na karanta. Ban taɓa jin nauyin rubutuna ba sai ran nan. Da na kai ƙarshe ya ce rubutun ya yi kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, da ɗalibarsa ce ta kawo masa da ya ba ta maki mai yawa. Ya ce muryar ma abu ne mai kyau, kada a cire. Sai ya ce:

“Na yafe miki, Auta. Da kin tambaye ni, wataƙila da na ce ki rubuta. Amma ba ki tambaya ba.”

Daga nan ya koma zancen famfon bayan gida da ke zuba. Na gyara zama muka yi hira, ya yi mini tsiya a kan tuƙina, har muka yi dariya. Wanda ya leƙo zai ce babu abin da ya faru. Hedimasta ma yana zuwa yanzu da hantsi, su zauna a ciki ya karanta masa labarai, suna musu kamar dā. Na ji daɗin wannan, ko da yake ba ta wannan hanya ya kamata abokinsa ya sani ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne, shekaranjiya maƙwabciyarsa ta ce mini ta ga Baba ya dawo daga asibiti a motar haya, da auduga a ido ɗaya da ledar magani. Ta ɗauka na sani. Ta ce da kansa ya kama ranar a waya, da manhajarmu da aka saki kwanan nan, ya je ya dawo. Na kira shi a take, na yi ta kewaye-kewaye ko zai faɗa. Ya ce lafiya lau, ya tambayi jarrabawar yara, ya ce in gaishe da Abbansu.

Jiya a ofis na zauna a gaban kwamfuta. Matsayina ya ba ni damar shiga bayanan manhajar. In na buga lambarsa zan ga wane likita ya gani da ranar da aka ce ya koma. Har na ɗora hannu a kan madannai. Dogo ya wuce ya tambaya ko wani abu ya lalace ne, na ce a'a, na rufe, na sauka ƙasa na sha ruwa.

Na lura kwanan nan yana yawan kiranki, don jiya ya ce mini kin gyara ɗakin baƙi, ni kuwa ban ma sani ba. Na gane inda maganarsa ta koma, kuma ba na jin haushi, ke ce babba tun farko. Roƙona ɗaya ne. In ya gaya miki abin da likita ya ce game da idon, ki kula da shi, ki tuna masa ranar komawa, in da abin da ake bukata ki ce mini in aika kawai. Amma abin da ya ce ki riƙe, ki riƙe. Zan tambaye ki, na san halina, zan yi miki magiya har da kuka. Kada ki gaya mini.

Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta