Sun Yanke Ki Daga Hoton, Umma

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi a durƙushe, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙar nan ba za ta iso inda kike ba, mutane ne za su karanta ta a waya. Su karanta, da ma har da su nake. Amma ke kaɗai nake iya gaya wa magana ba tare da na yi mata kwalliya ba.

Umma, na gaji.

Tun da kika rasu na rame. Ba wani abu na yi ba, abinci ne ya daina shiga. In na dawo gida Masaka daga ma'aikata, bayan cunkoson Nyanya da Mararaba ya gama da ni, sai in ɗora tukunya, in sauke, in rufe, in kwanta. A ofis kuwa barka ake yi mini. Wata har ta ja ni gefe wai na koma yarinya, in taimaka mata da sirrin. Na rasa bakin da zan ce mata uwata ce ta mutu.

Akwai wata abokiyar aikinmu, ba zan kama suna ba, tana sayar da shayin rage ƙiba a leda mai sheƙi. Wai daga ƙasar waje yake, wai yana narkar da tumbi ko da mutum na kwance yana cin suya. Na taɓa shinshinawa. Umma, filasko ne aka yi wa ado da citta. Filaskon nan da kike jiƙa mana in cikinmu ya ɗaure, kina cewa, "Sau ɗaya ake sha, ba kunu ba ne."

Rannan ina duba waya a mota sai na ci karo da kaina. Hotuna biyu a jere, an rubuta "da" a ƙasan ɗaya, "yanzu" a ƙasan ɗayan. Na yanzun a ofis aka ɗauke ni ban sani ba, idanu sun faɗa, wuya kamar na kaza. Na dā ɗin kuwa na Sallar ƙarshe da muka yi tare ne, wadda kika zo daga Zariya, kika dage sai mun je kasuwar Zuba kin zaɓi kankana da kanki. Na cika atamfata, kumatu na sheƙi, ina dariya. Sun yanke ki daga hoton. Sai dai ba su iya yankan ba. Hannunki na nan a kafaɗata, da jan lalle da zobenki na azurfa.

Na samu abokiyar aikin nan tamu, don tallar shayinta ce ta yi da hoton. Ta ce ai yabo ne, amma tunda na ji haushi za ta cire. Ta cire nata, sai dai hoton ya riga ya bazu. Yanzu mutanen da ban taɓa gani ba suna tallar garin magani da man shafawa da ɗamarar ciki da fuskata. A wani wurin sunana Blessing, a wani kuma Hajiya mai 'ya'ya biyar. Na rubuta musu har yatsuna sun gaji. In ɗaya ya sauke, gobe wani ya ɗora.

Da a kaina abin ya tsaya, da na bar wa Allah. Amma ga Hafsatu, autarki, wadda ta dawo wurina bayan rasuwarki. Kin san jikinki ta ɗauko, kuma kin san bakin 'yan mata. Ta ga hoton, ta sayi shayin a ɓoye. Kullum tana hanyar banɗaki, leɓe a bushe, wai ƙazanta ce ke fita. Makon jiya jiri ya kwashe ta a bakin titi tana jiran mota, masu sayar da ayaba ne suka tare ta. Likita ya ce ruwan jikinta ne ke ƙarewa, in ta ci gaba ƙodarta ce za ta biya.

Na rantse mata ban taɓa kurɓar shayin nan ba. Ta kalle ni, ta kalli hoton, ta ɗauka rowar sirri nake yi mata. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, Umma. Ciki ɗaya muka fito, amma ta fi yarda da talla a kaina.

Na tuna yadda kike ƙara mana tuwo ba mu nema ba, in mun yi ƙorafi ki ce, "Ku ci, ni ban haifi sanda ba." Ban ce ƙiba ba ta da illa ba. Mai son ragewa ta ga likita, ta taka ƙasa, ta rage mai a miya. Amma ni ban san wani ganye da ya yi mini komai ba.

Jiya na tono tsohuwar wayata, na samo hoton cikakke, ni da ke. Na tuƙa tuwo da miyar kuka, na ajiye wayar kusa da kwanon. Hafsatu ta daɗe tana kallo. Ta ɗora yatsa a kan hannun nan mai lalle, ta bi shi a hankali har zuwa fuskarki. Ta yi kuka, ni ma na yi. Sannan ta wanke hannu, ta turo kwanon tsakiyarmu. Ban tambaye ta ledar shayin ba, ban sani ba ko ta zubar. Na dai san mun cinye tuwon, kuma rabon da in ga ƙasan kwano tun kina raye.

Hoton ne zan sa a ƙasan wasiƙar nan. Duk wadda ta ga ramata ta yi sha'awa, ta dubi matar da ke tsaye a gefena. Rashinta ne ya ramar da ni, kuma ba na yi wa kowa fatansa.

Allah Ya jiƙanki, Umma, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Manzo. Ya ba Hafsatu lafiya, ni kuma Ya mayar mini da kumatun da kika bar ni da su.

'Yarki,
Rabi