Wa Zai Ɗaga Katakon?

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara ina juya magana ɗaya a raina, na kasa yanke ta.

Maigidana ma'aikacin ceto ne, cikin waɗanda ake kira idan gini ya rufta da mutane. Da kare yake aiki, sunansa Toka saboda launinsa. Aikin Toka shi ne ya bi kan ɓaraguzai yana shinshina, in ya ji mai rai a ƙasa sai ya kafe a wurin yana haushi har a zo a tono. Ladansa duka wata tsohuwar igiya ce mai ƙulli da suke ja-in-ja da ita shi da maigidan.

Da farko ko kallon karen ba na son yi. Sai wata rana na kai wa maigidan abinci wurin aikinsu, bayan sun yi kwana uku suna tono ba su samu ko mutum ɗaya da rai ba. Na tarar Toka ya kwanta ya ƙi cin komai. Maigidan ya ce haka karnukan ceto suke, in suka yi ta cin karo da gawa sai zuciyarsu ta karye, shi ya sa ake ɓoye musu mai rai su nemo. Abokan aikinsa duk sun jigata, sai ya tsaya yana kallona. Ni da girmana, uwar 'ya'ya uku, na rarrafa cikin wani bututun siminti a filin atisayensu, aka rufe bakin da katako.

Anti, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Duhu, warin ƙura, sai ki ji farata suna karce siminti, sai haushi kamar zai fasa miki kunne. Daga nan katakon ya ɗaga, ga fuskar maigidan da hular kwanonsa a karkace, yana sanar wa jama'a wai an samu mai rai amma da ganinta mafaɗaciya ce. Shekara shida duk Asabar muna haka, bai taɓa sauya wannan tsokanar ba, ni kuma ban taɓa fasa hararar sa ba.

Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Mutumin da ya sha shiga ƙarƙashin gine-gine ya fito lafiya, ciwon kwana goma ya tafi da shi. Abokan aikinsa suka kawo min kayan da ke cikin akwatin ajiyarsa na wurin aiki, hular, takalman, har da igiyar nan. Suna saman durowata, kullum sai na taɓa su.

Yanzu an ba abokin aikinsa Toka, wani dattijo mai haƙuri da suke kira Dogo. Wai karen yana nemo wanda aka ɓoye, amma ba ya haushi, sai ya zauna yana kallon ƙofar fili. Karen ceto da ba ya haushi kuwa ba shi da amfani. Ƙarshen watan nan za a gwada shi, in ya faɗi za a cire shi, alhali karnuka biyu kacal gare su. Ogansu da kansa ya zo gida ya roƙe ni in sake shiga bututun, ko Allah zai sa bakin Toka ya buɗe.

Yayata ta ce ashe ban da hankali, ciwon da ya fara warkewa zan je in fama saboda kare. Na bar ta a kan duhu nake tsoro. Gaskiyar ita ce ina son zuwa, son da har yake ba ni tsoro. Na san in na kwanta a ciki na ji haushin nan, zuciyata za ta yarda maigidan ne zai ɗaga katakon. Ina kewarsa, Anti, kewa mai tsanani. Yaya zan yi idan haske ya shigo na ga fuskar Dogo? In je ko in haƙura?

Mai Ɓuya

Ƙanwata Mai Ɓuya, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariyar mafaɗaciya, sannan na share ido.

Kar ki ji haushin yayarki. Ita ta ga halin da kika shiga a watannin farko, ba ta son ki koma. Kuma ki sani ba dole a kanki. Gyaran kare aikin ma'aikata ne, in kika ce ba za ki iya ba, babu mai ganin laifinki. Sai dai ban ga alamar ciwon nan ya fara warkewa ba. Kin zauna a gida ne kina jiran abin da Toka yake jira a ƙofar fili.

Ni dai na ce ki je, amma da sharaɗi. Asabar ta farko kada ki shiga ko'ina. Ki tafi da yayarki, ki zauna a inuwa, Toka ya zo ya shinshine ki. In kuka ya zo, ki yi abinki. Idan kin ji za ki iya, sati na gaba ki shiga bututun, amma ki gaya wa Dogo ya yi miki sallama da ƙarfi kafin ya taɓa katakon. Gara kunnenki ya fara sanar da ke, kafin idonki ya gani. Kuma ki tsaya a sau biyu. Wanda gini zai danne gobe baƙo ne ga Toka, dole ya koyi yi wa baƙo haushi.

Saura abin da kika faɗa a wuce, wanda ina jin ko ogansu bai lura ba. Da kyakkyawar niyya suka haɗo miki igiyar nan, amma ba cikin kayan maigidanki take ba, ladan Toka ce. Wata bakwai yana nemo mutane, abin da ya saba samu yana saman durowarki. Ban ce ita kaɗai ce matsalar ba, ni ba masaniyar karnuka ba ce. Amma ki ɗauke ta ki tafi da ita, ki miƙa wa Dogo da hannunki a gaban Toka, ya gani da idonsa.

Zai yi miki ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ki riƙe hular, taki ce har abada. Igiyar kuwa ki mayar da ita bakin aiki, domin akwai wanda wata rana zai kwanta a duhu yana jiran haushin nan, kuma duk fuskar da ta ɗaga masa katako, ta ishe shi.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya raya muku yaran, ya buɗe bakin Toka.

Antinki