Abin da Likita Ta Tambaya Game da Inna

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya maigidan? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Sai dai al'ada ta fara yi min wasa. Ina tsakiyar guga a wurin aiki zafi zai taso min, in jiƙe sharkaf, har shugabarmu ta fara kallona. Likita ta ce al'adar ce ke shirin ɗaukewa, kuma akwai maganin da ke mayar da sinadarin da jikina ke rasawa, amma kafin ta ba ni sai ta san ko ciwon dajin nono ne ya kashe Inna.

Ina nesa aka binne ta, ciwon ajali kawai kuka ce min.

Don Allah ki tambayi Baba, in har ranar mantuwar tsufa ta bar shi ya gane ki.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki