Kafaɗata da Sammakon Auta

Litinin, 3 ga Maris
Yau 'yata Auta ta kai ni sashen gashin ƙashi na asibiti. Kafaɗar hagun nan dai da ta ƙi ɗaguwa. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba. Ta ce rufin da ya lulluɓe gaɓar ne ya yi kauri ya ɗaure, kuma mu masu ciwon suga mun fi kamuwa, mun fi daɗewa kafin ya saki. Ta nuna min yadda zan hau bango da yatsu, da yadda zan sunkuya in bar hannun yana lilo. Ta ce zafin miƙewa ba ɓarna ba ne, jiki ne ke ɗari-ɗari. Wanda ya soke ni kamar allura, shi ne na dakatawa. Na ce to.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai yatsu bango, abin ya ja ni har wuya. Na koma na zauna.

Talata, 11 ga Maris
Kullum sai Auta ta biyo kafin ta wuce ofis. Ta sa min riga, ta ɗaura min ɗankwali, ta gwada sugana. Tun rasuwar babansu gidan nan bai ji takun mutum da safe ba sai yanzu. Da ina lafiya sai ranar hutu nake ganinta, shi ma a tsaitsaye. Yau ta ba ni labarin mijinta da ya ce zai yi girki ya ƙone tukunya har da murfi, muka yi ta dariya. Tana sa takalmi ta tambaye ni ko ina motsa hannun. Na ce safe da yamma. Allah na tuba.

Alhamis, 27 ga Maris
Likita ta auna, hannu yana inda yake. Auta ta shiga zargin kanta, wai ita ce ba ta lura da abin da nake ci, shi ya sa sugan bai sauka ba. Na ƙura wa labule ido. Da ta fita amsa waya, likitar ta jawo kujera ta ce, "Mama, mene ne kike tsoro?" Na ce zafi. Ta sake yi min bayani a tsanake, har da cewa in ɗumama wurin da tawul kafin in fara. Baiwar Allah. Zafin gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Idan hannun nan ya ɗagu, wa zai buga min ƙofa da safe?

Juma'a, 4 ga Afrilu
Auta ta rame. Na ce aiki ne, ban tambaya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Surukina ya zo shi kaɗai. Ya zauna bakin kujera yana ta juya mukullin mota, ya gaishe ni ya sake gaishe ni. Can ya ce Auta na da juna biyu. Bayan duk shekarun nan na jira! Ya ce ta ga jini makon jiya, an umarce ta da kwanciya, ta ƙi, wai ba mai sa wa Mama riga. Ta hana shi faɗa min. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ke kaɗai za ta ji maganarki."
Ni yake ba haƙuri. Ni.
Da ya tafi na kira ta, na ce idan na ƙara ganin ƙafarta a gidan nan ban yafe ba. Ta yi kuka. Ban gaya mata sauran ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Bango. Na yi, da hawaye da komai. Rigar kuwa kokawa muka yi, na sa ta a baibai, na bar ta haka.

Laraba, 7 ga Mayu
Zafin yana zuwa ya wuce, kamar yadda likitar ta ce. Kafaɗa ba ta ɓalle ba. Ta ce an samu ɗan ci gaba, ta tambayi me ya canza. Na ce tawul ɗin ne. Ta dube ni ta yi murmushi, ba ta ja ba. Sugan ma ya ɗan lafa tunda nake zaga layinmu da yamma.
Auta na kwance. Ciki yana nan, Allah ya raya.

Laraba, 18 ga Yuni
Yanzu ni ke zuwa wurin Auta. Yau bas ta cika, ban samu kujera ba, ga kwandon lemonta a hannun dama. Direba ya taka birki, sai da muka tsaya na lura da wane hannu na riƙe ƙarfen sama. Ban faɗa wa kowa ba. Wataƙila ƙarfen ne ya yi ƙasa.
Ta ce in kwana. Na ce ina da gidana, gobe ma rana ce.