Teburin Doguwa

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar tasa, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Tsohuwarmu ta iso lafiya. Lafiyar ma ta yi yawa, don ita ce ta jefa mu cikin abin da zan ba ki labari. Da kin aiko cewa tana tafe, da na tare ta tun daga tasha, na kai ta gida na ja ƙofa.

Bari in ɗauko miki daga tushe. A kasuwarmu akwai doka: duk teburin da ya yi kwanaki a rufe, kwamiti ya karɓe wurin ya ba wani, sai fa in mai shi ya je ofis ya tsaya gabansu ya faɗi uzurinsa da bakinsa. Kwamitin kuwa duk maza ne, daga mai furfura sai mai tumbi.

Banɗakin kasuwar kuma, Yaya, ba na so ki gan shi. Ƙofar ɓangaren mata ba sakata, da ƙafa ake tokare ta. Ruwa buta ɗaya ce, wadda ta riga ta ƙarar. Ga wani dattijo da muke kira Mai Mabuɗi zaune a bakin ƙofa, idonsa na kan hannun duk mai shiga, wai kada a jefa tsumma ko auduga a toshe masa rami. To ina za a jefa? Wannan ba ruwansa. Saboda haka in al'adar mace ta zo, ko ta wuni a zaune da abu ɗaya tun safe har magariba, ko ta zauna a gida.

'Yar taki Doguwa, da kika ba ni amana, da fari ta zaɓi daurewa. Nata kuwa yana zuwa da yawa, irin naki. Ba ta faɗa mini ba sai da ƙaiƙayi da zazzaɓi suka kwantar da ita. Nas ta yi mana tatas, ta ce dole a riƙa canzawa a kai a kai, a wanke da ruwa mai tsabta, tsumma kuma ya sha rana. Na ce a raina, ki zo kasuwar ki nuna mana inda za a yi. Daga nan in kwanakin suka zo sai ta lulluɓe teburin 'yan kunne da man shafawarta ta zauna gida.

Mu matan kasuwa mun daɗe da gane cewa uzuri ɗaya ne namiji ba ya bin diddiginsa, wato rasuwa. Mai Tumatir ta binne kawunnan mijinta da ba a taɓa haifa ba. Sirrin abin shi ne a nemo dangi na nesa, a kuma riƙa canzawa. Amma 'yarki ba ta iya ƙarya ba, a nan ba ni ta gado ba. Kakarta kawai ta sani. Wata na farko kaka ba lafiya. Na biyu jiki ya tsananta. Wancan watan ta cika. Sakataren kwamiti da kansa ya zo teburin ya yi mata ta'aziyya, har da cire hula yana share gumi.

Jiya sai ga Tsohuwa ta sauka a mota, ta shigo ƙofar kasuwa da ƙunshinta a ka. Duk cikin mutanen nan, wa za ta tara ta tambaya teburin jikarta? Sakatare. Ta gabatar da kanta tsaf. Shi ya karɓi ƙunshin, ya rako ta har gaban Doguwa, ya ajiye, ya ce ga marigayiya nan ya kawo, a ba ta ruwa, da alama hanyar da nisa.

Na yi dariya har na riƙe tebur, amma dariyar ba ta kai yamma ba. An kira yarinyar zaman kwamiti mai zuwa. Wurin nata kuwa shi ne na kwana, inda duk wanda ya sauka a mota sai ya gifta, sai da na yi shekaru ina bi kafin in samo mata. Tuni ƙanin matar Ciyaman ɗin kwamiti, mai sayar da caja, ya fara zagaya teburin yana auna shi da ido. In wurin nan ya tafi, sai dai ta dawo muku da jakarta.

Tana ɗaki tana kuka. Tsohuwa kuwa da aka warware mata zancen, abin da ta fara tambaya shi ne ko an yi jama'a.

Kada ki tayar da hankalinki. Kin san ƙanwarki ba a taɓa raba ta da ciniki tana kallo ba. A gaishe da kowa.

Taki har kullum,
Mai Robobi

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kuma ji faɗan da kika yi mini. Na karɓa, ke ce babba. Amma shawararki ta a je a durƙusa a ba Ciyaman haƙuri, wannan ki bar ta a wurinki. Haƙuri kaya ne mai arha, wanda zai saya ma sai ya raina.

Ina rubuta miki cike da murna, saboda na gano inda zan kama 'yan kwamitin nan. Ciyaman kunnensa ya yi nauyi. Duk uzurin da aka kawo, sai Sakatare ya sunkuya ya maimaita masa da ƙarfi, kalma bayan kalma, kafin a yanke hukunci. Tagar ofishin kuwa a kan layin mahauta take buɗewa. Ki tsaya ki auna wannan. Shekara da shekaru muna ƙarya don kunyarsu, ashe kunyar da ke jikinsu ta ninka tamu. Mu wata-wata muke gani. Su ko sunan abin ba sa iya kamawa.

Saboda haka na rufe teburina da gangan, lafiyata ƙalau, don ni ma a kira ni. Na bi layi-layi ina zuga mata su rufe. Kowacce za ta je ta faɗi uzurinta na gaskiya, dalla-dalla, ba tsallake, Sakatare ya maimaita.

Ba duka suka yarda ba. Mai Atamfa ta ce ita matar aure ce mai mutunci, na ce mu kuma daga bola aka tsinto mu. Mai Takalma ta yarda da safe, da rana na gan ta tana ciniki tana ɓoye fuska bayan silifa. Ban ga laifinta ba, in abin ya juye duk wadda ta rufe ta rasa wurinta, ni ce kuma ta farko. Amma mun cika benci biyu. Har da Mai Kifi, wadda ta daina ganin al'ada tun Sakatare na cikin tsumman goyo. Na ce Baba, ke kuma me za ki ce? Ta ce ita tana bin su bashin magana ta shekaru, kuma ba ta manta komai ba.

Doguwa ce ba ta yi mini magana. Ta ce Inna, so kike ki tsiraita ni a gaban iyayena maza, gara a karɓe teburin. Na ce ba za ta buɗe baki ba, mu za mu yi, ita ta zauna a baya ta sunkuyar da kai kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba. Ta juya mini baya. Tausayinta nake ji, Yaya, amma ba zan nuna mata ba sai an gama.

Ki taya mu da addu'a. Tsohuwa na gaishe ki, ta ce katifarmu ta fi taku.

Ƙanwarki,
Mai Robobi

*

Zuwa ga Yaya, uwar Doguwa,

Sallama da gaisuwa irin ta mai farin ciki. Ina fatan kowa lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, ki sallami yara.

Ranar zaman mun ci kwalliya kamar masu zuwa biki. Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka ɗaya tana juyi da ƙyar, kwamiti a jere bayan tebur, Mai Caja a bakin ƙofa yana kaɗa mabuɗin babur. Ni aka fara kira. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, na tambayi iyali. Sannan na ce na rufe tebur ne saboda jinin al'ada, na fara bayanin yadda rana ta farko take, da abin da ake sawa, da yadda yake jiƙewa kafin azahar, da yadda mace ke tokare ƙofa da ƙafa ɗaya tana neman inda za ta cusa wanda ta cire.

Ciyaman ya karkato kunne ya ce me ta ce. Sakatare ya sunkuya ya ce wai ba ta ji daɗin jikinta ba. Na ce a'a ranka ya daɗe, ba haka na faɗa ba, doka ta ce kalma bayan kalma. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya yi tari. Da ya ga ba mafita ya faɗa a hankali. Ciyaman ya ce ɗaga murya. Yaya, sai da ya faɗa da ƙarfi, saran nama ya tsaya cak a layin mahauta. Ma'aji ya tuna yana da baƙo. Wani ya tashi wai zai yi alwala, ko hantsi bai gama ba.

Mai Tumatir ta biyo baya, ta fara da janye kawunnan mijinta gaba ɗaya. Mai Kifi ta miƙe ta ce ita za ta fara ne daga shekarar da aka gina banɗakin. A nan Ciyaman ya ɗaga hannu biyu ya ce ya isa, ya ji, kowa ta koma teburinta, ba wanda za a taɓa.

Na ɗauka mun gama. Ashe dattijon kunne ne ya yi nauyi, kai bai yi ba. Ya ce maganar yarinya daban ce. Ita ƙaryar mutuwa ta yi, ta sa manya suka yi ta'aziyya, kuma doka ta ce mai tebur da bakinsa. Na buɗe baki, ya ce Mai Robobi, naki ya yi aikinsa na yau. Duk dabarata a nan ta ƙare, na ga Mai Caja ya daina kaɗa mabuɗi yana murmushi.

Sai 'yarki ta miƙe. Ba ta tsaya inda ake tsayawa ba. Ta zagaya tebur, ta durƙusa dab da kunnen Ciyaman, don kada a sa kowa ya maimaita mata. Duk da haka kowa ya ji. Ta ce ta yi ƙarya, a yafe mata. Ta ce ta gwada wuni a kasuwa ba canzawa, ta kwanta asibiti. Ta ce ba hutu take nema ba, ita ciniki take so, a ba ta ƙofa mai sakata da ruwa da bokiti mai murfi, in ta sake rufe tebur a karɓe. Ni da nake taƙama da baki, wannan ban tuna in roƙa ba. Teburin kawai na je ceto.

Ciyaman ya gyara zama. Sannan ya ce akwai tsohon sito bayan layin hatsi, kusa da famfo, a ba mata. Amma hukuncin ƙarya yana nan: ita za ta riƙe mabuɗin, ita za ta tsaya a kan tsabtarsa. Ya faɗa yana ɗaure fuska, wai shi horo ya yi. Na sunkuyar da kai don kada ya ga haƙorana. Mabuɗi a teburin Doguwa, Yaya. Ma'ana duk macen da ke kasuwar nan sai ta tsaya gabanta.

Mun share sito, kafinta ya sa sakata, mai gini ya fitar da magudanar ruwa, na ba da bokitai daga kayana, masu murfi, ban ma zaɓi masu tabo ba. Mun ɗaura igiya ta baya inda rana ke bugawa ba mai leƙe, an kawo tsohuwar ganga ta ƙona abin da aka zubar. Aikin wanki mun raba shi layi-layi. Mai Atamfa mai mutunci ita ta fara zuwa karɓar mabuɗi, ta ce wai dubawa kawai za ta yi. Doguwa ta ƙara sabulu da audugar mata a kayanta, ba a ƙarƙashin tebur ba, a sama, kusa da 'yan kunne. Ba ni na koya mata ba.

A teburina nake rubuta wannan, ina hango ta. Da safe ta raɗa mini cewa al'adarta ta zo. Ta je sito ta dawo, ta wanke hannu, yanzu haka tana jayayya da wata a kan farashin man shafawa, kuma wallahi ba ta da niyyar ragewa.

Ki gaishe da maigidan, ki ce masa ya bar gyara mata ɗaki, ba ta dawowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mai Robobi