Gwiwar Sani

Yaya Kabiru,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ya Ikko, ya iyali, ya ƙoƙari?

Ranar Asabar aka yi tseren tantance masu zuwa gasar Afirka. Ƙanenmu Sani ne gaba, ɗan sabon kansila na biye. Saura taku goma, wani ɗan bangar kansilan ya faɗo fili ya kwaɗa wa Sani gora a gwiwa. Ni da digirina na fasa masa baki da kujera, ina cewa, "Wannan dabbanci ne, ba dimokuraɗiyya ba!"

Maɗorin Ƙofar Sauri ya ce zai taka, amma gudu ya ƙare. Sani kullum tambayata yake yaushe zai koma atisaye, na kasa gaya masa.

A taya mu addu'a. A gaida Hajiya da yara.

Ƙanenka,
Aminu